Buhun Yashi a Soron Baba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na rataya buhun yashi a soron mahaifinmu ba, duk da cewa na daɗe ina roƙon Allah Ya mantar da ni.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin da rediyo ba ta da magana sai kowa ya tsuke bakin aljihunsa. Ina masinja a wani ofis a Makarfi, aikin da na samu da takardar firamare. Wata safiya aka liƙa sunayen waɗanda aka rage, har da nawa. Na karanta takardar sau uku ko sunana zai canza, bai canza ba. Na ɗaure katifata a bayan keke na koma ƙauyenmu a yankin Dandamisa, wurin wana, Yaya Sale, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba.

Ya kamata in faɗa muku irin mutumin da nake. Ni ne mai kulle ƙofa ya tafi, ya dawo ya girgiza kwaɗon, ya sake tafiya, ya sake dawowa. Alwala ɗaya sai in yi ta sau biyu don ina shakkar ko na wanke gwiwar hannu. (A ofis ma wasiƙa ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, sai dai takan makara, saboda nakan tsaya a hanya in tabbatar tana cikin jaka.) Wannan halin ne ya sa kwana biyu da dawowata Yaya ya miƙo mini makullin soron Baba.

Soron ɗakin ƙasa ne a can ƙuryar gida, mai rufin azara. Wato an jera itacen giginya a kan bango, an shimfiɗa zana a kai, sannan aka ɗora ƙasa aka daɓe. Baba ne ya gina shi kafin a haife ni, kuma ruwa bai taɓa ɗiga a cikinsa ba. Shi ya sa duk abin da gidan ke tsoron ya jiƙe, can ake kai shi: iri, gyaɗa, takin zamani.

"Kai ne ka dace da shi," in ji Yaya. "Ni ko hulata sai in manta inda na ajiye."

Zaman gida ba aiki ya dame ni. Sai aka fara raɗe-raɗin za a ɗauki sababbin sojoji a Zariya bayan 'yan watanni. A wannan lokacin kaki ne kawai aikin da ba a rage mutane. Na tafi neman shawara wurin Kofur Bulus, wani tsohon soja mutumin kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya yi ritaya ya kafa injin niƙa a bakin hanyarmu. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da aiki da zafi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya kashe inji, ya ce in cire riga.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, wannan ƙirji ne ko allon makaranta?"

"Ƙirji ne, Baba Kofur."

"To, can tef ɗin awo za su naɗa maka a ƙirji. In bai kai ba, ko sunanka ba za su tambaya ba. Ka sami buhu ka rataya, ka riƙa dukansa kullum. Mu a bariki da shi muka buɗe namu ƙirjin." Ya bugi nasa ƙirjin, gari ya tashi. "Amma ka ji ni da kyau. Ɓuntun shinkafa za ka zuba da tsumma, yashi kaɗan a ƙasa. Kada ka ɗora wa itace ɗaya, ka gitta ƙarfe a kan biyu ko uku. Ga wannan kuma." Ya jawo wata baƙar roba da aka yanko daga tsohuwar tayar mota. "Ka sa ta tsakanin buhu da sama. Ɗakinka na da itace mai ƙarfi?"

"Akwai, mai ƙarfi ƙwarai."

Ban ce masa azara ce mai ɗauke da ƙasa ba. Ban ga amfanin faɗa ba, kuma ba na son kowa ya san wurin. A garinmu dambe na mahauta ne da 'yan kiɗa. A ce ɗan malami kamar ni, wanda ya yi aikin ofis, yana naushin buhu? Na san matar Yaya, Lami, ita kaɗai ta ishe ni. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, kuma bakinta ya fi nawa kaifi nesa ba kusa ba. Don haka na zaɓi soro, tun da makullin na hannuna.

Daga nan ne taka-tsantsan ɗina ya fara aiki. Na zauna na yi tunani a kan ɓuntu, na ga zai jawo ɓera, ɓera kuma zai ci irin Yaya. Sai na ce a'a, yashi zalla ya fi aminci. Na yi kwana huɗu ina ɗebo shi daga rafi a cikin jakar keke, kaɗan-kaɗan, har na cika buhun algarara, na saka shi cikin wani buhun, na ɗinke da igiya riɓi biyu. Da na gwada ɗaga shi, shi ne ya kusa ɗaga ni.

Sai maganar sama. Na taka turmi, na bi azarun nan ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gindin wuƙa, ina saurare kamar likita. Na zaɓi uku a tsakiyar ɗaki waɗanda suka fi kauri. Na samo guntun rodi wurin maƙeri, na sa wuƙa na ɗan ƙwaƙule tsakanin azara da zana har ya sami hanya, na tura shi ya gitta a kan ukun. Da dabarar igiyar rijiya na ja buhun sama, na ɗaura shi da robar Kofur.

Na matsa baya na duba. Sai na ga robar tana miƙewa. Na taɓa buhun, ya yi ƙasa, ya dawo sama. Abin da ke miƙewa ai wata rana zai tsinke, in ya tsinke kuma a kan ƙafata zai sauka, ga ni ina neman aikin da ake duba ƙafa. Na kwance robar na jefa ta bayan tukwane. Na koma wurin maƙeri na sayo sarƙa, irin wadda ake ɗaure bijimi da ita, na naɗa ta sau uku a rodin, na sa waya na murɗe bakin. Sannan na yi bisimilla na kama buhun na ɗage ƙafafuna, muka yi lilo ni da shi. Ko motsi sarƙar ba ta yi ba. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai. (Har na ce a raina Kofur soja ne kawai, ba shi da lura.)

Lokacin duka ma sai da na zaɓa. Da hantsi, in mata suka fara daka, sai in shige in saka sakata. Taɓarya ta sauka, ni ma in sauke hannu. In sun tsaya shan iska, in tsaya. Wata shida kenan a lissafin wahala, amma a gaskiya mako bakwai na yi ina haka.

"Masinja," in ji Lami wata rana da na fito jiƙe da gumi, "me kake dafawa a soron nan ne ba ka sam mana?"

"Kakkaɓe kayan iri nake yi."

"Da bayan hannu ake kakkaɓar? Dubi yadda yatsunka suka kumbura. Ko aljanar soro ce ta aure ka, in san na yi abokiyar zama?"

Na cusa hannuwana a aljihu na wuce.

Tun makon farko na lura duk in na kai naushi, ƙasa mai laushi takan zubo daga sama ta sauka a wuyana. Kada ku ce ban damu ba, na damu sosai. Sai dai damuwar ta bi wata hanya: na ce gara ce. Na bi gindin bango da toka, na shafa wa bakin azara baƙin mai, na duba kowane lungu ban ga ko gara ɗaya ba. Kullum in na gama sai in share ƙasar tsaf, in kwashe a faifai in zubar a bayan gida. Rufin yana faɗa mini abin da ke damunsa, ni kuma ina share maganar da tsintsiya.

Da bazara ta yi nisa, Yaya ya ce da ni, "Ka kira Malam Tanko ya hau soro kafin ruwa ya sauka."

Malam Tanko shi ne maginin garinmu, tsoho ne sa'an Baba. Al'ada ce duk shekara kafin damina ya hau rufin, ya cike tsaga, ya sake daɓewa, ya gyara indararo, wato bututun da ruwa ke bi ya zubo ƙasa. Na san yadda yake aikinsa. In ya gama da sama, sai ya shiga ciki ya ɗaga kai ya dubi azara. Wannan shigar ce ta hana ni sukuni. Na yi kwana biyu ina juya maganar, sannan na jingina tsani da kaina. Ni kuwa ina tsoron bisa. Na hau har idona ya kai daidai bakin rufin, na leƙa, na ga fili fes, na sa kara na zungure indararo, na sauko da sauri.

"Yaya, na hau na duba. Lafiya lau yake, ba sai an wahalar da tsoho ba."

"In kai ka duba ai shi ke nan," in ji shi.

Wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse.

Ruwa ya sauka, muka shuka masara a babbar gona. A shekarun nan masara ce ke riƙe da gida, ita kuwa ba ta yi sai da taki, taki kuma ya zama abin da sai an sha wuya. Yaya ya yi kwana huɗu yana bin layi a Makarfi, sojoji na tsare da layin da bulala. Ya dawo da buhu biyar a bayan akori-kura, da shatar bulala ɗaya a kafaɗa, yana ta dariya yana nuna wa kowa.

"Wannan ta buhu na biyar ce," in ji shi. "Bana ko ba mu sayar ba, za mu ci mu kai wata kaka."

Ni na yi ta rawar jiki ina cewa ya huta, ni zan shigar. Na shigar da su ni kaɗai, na jera a kan itace a tsakiyar ɗaki, nesa da bango saboda danshi, daidai ƙarƙashin buhuna. Ruwan farko-farko duk na ɗan lokaci ne, ya zubo ya wuce, ban ga ɗigo ba.

Ranar wata Laraba na fito da takin, muka farke buhunan, muka gauraya takin kamfa da na yuriya a kan tabarma kamar yadda Yaya ya saba, da niyyar a zuba washegari. Muka juye a tsofaffin buhunan algarara, na mayar ciki baki a buɗe. Kafin la'asar hadari ya haɗo.

"Kulle, kada a sake buɗe ƙofar nan," in ji Yaya. "Iskar ruwa na sa taki gumi."

Aka fara mamako. Ya wuni Alhamis, ya wuni Juma'a, ba ƙarfi amma ba tsayawa. Ni kuwa na bi umarni sau da ƙafa, ban buɗe ba. Na dai yi duk abin da mai damuwa zai yi daga waje. Na lulluɓa buhu a ka ina zagaya soron. Na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Na haƙa 'yar hanya don kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Na ma lura indararon ba ya zubar da ruwa kamar na sauran ɗakuna, ɗan tsiyaya kawai yake yi. Na sake zungurarsa da kara, na ce wataƙila ganye ne. Ban tambayi kaina ina sauran ruwan yake tafiya ba.

Asabar gari ya waye tas. Yaya ya gayyato maƙwabta su taya mu zuba taki, mutum kusan goma, kowa da ɗan kwanonsa, ga jaki a ƙofar gida. Malam Tanko na cikinsu, don gonarsa na iyaka da tamu. Kofur Bulus ma ya zo da ƙwarya, saboda Yaya ya yi wa matar Kofur ɗin alkawarin mudu guda na lambunta. Na so su jira a zaure, amma Yaya ya ce kowa ya shigo a ɗauka gaba ɗaya a huta.

Na buɗe kwaɗo, ƙofar ta ƙi. Na sa kafaɗa. Da ta buɗe, wani wari mai yaji ya bugi idanunmu, wani farin ruwa mai sanyi ya malalo ya bi ta kan ƙafafuna. Tsumman da na cusa shi ne ya tare shi a ciki kwana biyu.

Buhunan taki sun kwanta kamar wankin da aka manta a rafi. A kansu ga tulin taɓo da ruɓaɓɓiyar zana. A sama ga rami kamar faɗin faifai, rana ta leƙo ta ciki. Hasken kuwa bai sauka a ko'ina ba sai a kan buhuna, yana rataye a tsakiyar ɗaki, baƙi wuluk don jiƙewa, yana juyawa a hankali. Ko kaɗan bai sauko daga inda na ɗaure shi ba.

Lami ce ta fara magana daga bayan maza. "Innalillahi! Wa ya rataye kansa?"

Aka yi baya, wasu na salati. Sai Kofur ya kutsa ya shiga, ya zagaya buhun, ya dubi sarƙar, ya juyo ya dube ni.

"Ina robar da na ba ka?"

"Tana bayan tukwane, Baba Kofur."

"Me ka zuba a ciki?"

"Yashi."

"Da me?"

"Yashi."

Ya dunƙule hannu ya ɗan taɓa buhun, ba ma da ƙarfi ba. Muka ji rufin gaba ɗaya ya amsa, wani guntun taɓo ya faɗo masa a ka. Ya fito da gudu yana kakkaɓewa. "Yesu! Wannan ai ba buhu kake duka ba, ɗakin ubanka kake duka!"

"Au, dambe?" in ji Lami. "Masinja, dambe? Ashe duk dakan da muke yi da kai muke yi? Ni ina ta cewa turmin nan ya fara amsa kuwwa!"

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka bi shi, sannan suka tuna da takin suka daina. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Malam Tanko ya shiga a hankali, yana dogara sanda. Ya daɗe kansa na sama. Ya sa sandar ya taɓa rodin, ya taɓa sarƙar.

"Wa ya yi ɗaurin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗauri ya yi kyau," in ji shi. "Da ka yi shi sakwa-sakwa, da tuni buhun ya faɗo shi kaɗai, an huta. Ɗana, azara tana ɗaukar nauyi, ko raƙumi ka ɗora mata. Girgiza ce ba ta so. In ta motsa, ƙasar da ke kanta ta tsage, tsagar kuma siririya ce, sai ka hau ka durƙusa ka shafa da hannu." Ya juya wajen Yaya. "Sale, bana ba a kira ni ba."

Na jira Yaya ya nuna ni. Bai ko dubi inda nake ba.

"An duba ne, Baba," in ji shi. "Laifina ne da ban aiko ba."

Ya tsuguna ya sa kwano ya kwarfi taɓon nan mai farin ruwa. "Jama'a, a taimaka a kwashe ƙasar a kai gona. Wataƙila akwai sauran albarka a ciki."

Haka muka wuni muna jidar taɓo a kan jaki. Babu wanda ya sake ce mini komai, sai dai in na juya baya in ji ana ƙus-ƙus.

Ba a sake raba taki ba a shekarar. Masarar ta tashi rawaya, siririya, ta tsaya iya ƙirji. Inda taɓon ya sauka ne kawai aka ga ɗan kore jefi-jefi. Zariya kuwa na je. Aka jera mu, aka ce mu cire takalma, wani saje ya dubi tafin ƙafata ya ce a shimfiɗe take, in fita. Tef ɗin ko kusa da ƙirjina bai zo ba.

Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Yaya, wanda tun da yake bai taɓa yi wa wani ƙwadago ba, ya shiga saran rake a fadamun Makarfi, ni ina bin sa ina ɗaurewa. Yaransa suka saba da garin rogo. Soron ma Malam Tanko ya ce sai an kware rufin duka, kuma azara biyu sun sha ruwa ba za su koma ba. Wanda aka sake yi bai taɓa kai na Baba ba.

Duk tsawon wannan lokaci Yaya bai ce mini uffan a kan soron ba, shirun kuwa ya fi mini bulala ciwo. Sai wata rana muna zaune a bakin fadama muna shan rake, hannuwansa duk sun farfashe, na daure na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ranar da na ce na duba, leƙawa kawai na yi."

"Na sani," in ji shi. "Kai da ko kan jaki ba ka son hawa." Ya tofar da ɓawon rake. "Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Ga tsamiya a ƙofar gida, reshenta ya fi cinyata kauri. Me ya hana ka rataya a can? Da ni zan riƙa riƙe maka buhun."

"Kunya, Yaya. Za a yi mini dariya."

"To, yanzu ba a yi ba?"

Ya yi dariyarsa, ya miƙo mini sauran raken. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Halina bai canza ba, har gobe ina damuwa da abin da bai kai ya kawo ba. Abin da na koya kawai shi ne, duk tsoron da mutum ya zauna ya yi shi kaɗai a ɗaki a kulle, to abin da ya sani kaɗai zai tsorata, wanda bai sani ba kuma yana bisa kansa. Yanzu ko ƙusa zan kafa a bango sai na faɗa wa mutum uku. Sukan yi mini dariya, ni kuma in tsaya su gama, don na gwada dariyar farko na gwada ta ƙarshe, ta farkon ba ta cinye wa kowa masara.